Lambar Mota Mai Suna: Kwalliyar Da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu

 A wannan fitowa muna so mu taɓo wata magana wadda mun san ba za ta yi wa wasu daga cikin manyanmu daɗi ba. To amma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma idan mu da muke gida ɗaya ba mu faɗa wa juna gaskiya ba, na waje dariya kawai zai yi mana ya wuce.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani ɗaurin aure da aka yi a nan unguwa kwanakin baya. Muna tsaye a bakin masallaci muka ƙirga motoci huɗu waɗanda ba su ɗauke da irin lambar da kowa ya sani, sai sunan mai motar ko laƙabinsa da manyan baƙaƙe. Yara sun kewaye su suna karantawa, maroƙa suna wasa masu su, su kuma suna ta murmushi. A cikin wannan mako dai kwamitinmu na taimakon shari'a yake bi gida-gida yana neman kuɗin lauyan da zai tsaya wa wasu samarinmu uku, 'yan dako, waɗanda aka kwashe a wani samame a bakin kasuwa. Sai da suka kwana goma sha ɗaya a tsare kafin kuɗin ya cika. Biyu daga cikin masu motocin nan huɗu mun je har gida mun same su, suka ce mana mu yi haƙuri, kasuwa ba ta garawa.

Ba mu kawo wannan labari don mu tona asirin kowa ba, shi ya sa ba mu ambaci suna ba. Mun kawo shi ne don mu yi tambayar da ta kamata: shin wannan lamba mai suna, wadda ake kira fansi, ta cancanci kuɗin da ake zubawa a kanta? Amsarmu ita ce a'a, kuma ga dalilanmu.

Nawa Ne Kuɗinta?

Bari mu fara da lissafi, tunda yawancinmu 'yan kasuwa ne. Kafin shekarar 2021, kuɗin da hukuma ta yanka wa lamba mai suna naira 80,000 ne, lambar gama-gari kuma naira 12,500. A watan Agusta na 2021 hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji ta ƙasa ta mayar da mai suna naira 200,000, ta gama-gari kuma naira 18,750. A watan Yuni na 2025 aka sake ƙari, mai suna ta koma naira 400,000, ta gama-gari ta koma naira 30,000. Wannan kuɗin hukuma ne kawai, ban da abin da ɗan kamasho zai ɗora a kai, kuma kowa ya san da wuya ɗayanmu ya je ofishin lasin da ƙafarsa ba tare da ɗan kamasho ba.

Ke nan bisa farashin 2025, wanda ya zaɓi a rubuta sunansa ya biya ƙarin naira 370,000 a kan abin da doka ta wajabta masa. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sanya wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. Sai ma'aikaci ya yi wata biyar da 'yan makonni yana aiki, bai ci ba bai sha ba, bai biya kuɗin haya ba, kafin ya tara kuɗin ɗan guntun ƙarfen nan. Wannan kuwa a lokacin da tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 magidanta da yawa suka jingine motocinsu suka koma hawa danfo.

Me Ta Fi Ta Gama-gari Da Shi?

Lambar mota ba don ado aka ƙirƙiro ta ba. Aikinta shi ne ta haɗa mota da mai ita a cikin rijistar hukuma. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarin lambobin, kuma a 2011 ta fito da fasalin da muke gani mai taswirar Nijeriya. A saman lamba akwai sunan jiha. Baƙaƙe uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rijista: GGE na Agege, KJA na Ikeja, MUS na Mushin, kamar yadda KMC yake na Birnin Kano, DAL na Dala, FGE na Fagge. Shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na motar haya, kore na gwamnati.

To, mai lamba mai suna, wane hakki ya samu wanda mai lambar naira 30,000 bai samu ba? Babu ko ɗaya. Zai sabunta takardun motarsa duk shekara kamar kowa. Zai yi inshora kamar kowa. Zai kai motarsa a duba lafiyarta kamar kowa. Idan ya saɓa dokar hanya, 'yan LASTMA za su ja motarsa kamar yadda za su ja ta ɗan tasi. Kyamarorin da gwamnatin Legas ta kafa a kan tituna suna karanta lamba suna aika wa mutum tara idan takardunsa sun ƙare, kuma kyamara ba ta san Alhaji ba balle ta sara masa. Abin da kawai kuɗin nan ya saya shi ne mutane su juyo su kalla.

Hujjojin Masu Saye

Mun zauna da wasu daga cikin masu irin wannan lamba, mun saurari hujjojinsu, kuma adalci ne mu kawo su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko suka ce, kuɗinmu ne, da guminmu muka samu, ba mu saci na kowa ba. Wannan gaskiya ne, kuma doka ta halatta, babu wanda zai kai su ƙara. Mu ma ba mu ce haramun suka ci ba. Abin da muka ce shi ne ciniki ne na asara. Ɗan kasuwar da ya san darajar kwabo, wanda zai yi rabin awa yana ciniki a kan naira ɗari biyu a kwandon tumatir, yaya za a yi ya ɗauki dubu ɗari huɗu ya ba da a kan abin da ba ya ƙara wa mota gudu, ba ya rage mata shan mai, ba ya hana taya fashewa? Malamanmu sun sha yi mana wa'azi a kan almubazzaranci da yi don a gani, ba sai mun maimaita ba.

Na biyu suka ce, tana sa a girmama mutum a shingen bincike, jami'i yana ganinta zai san babban mutum ne ya ɗaga masa hannu. Wannan ita ce hujjar da ta fi yaudarar mutanenmu, kuma mun san daga inda ta fito. Duk wanda ya taɓa tuƙo mota daga Arewa zuwa nan ya san abin da ake sha a hanya, daga masu kaki har zuwa yaran da ke tare hanya da katako mai ƙusa da sunan karɓar haraji. Amma mu tambayi direbobinmu su faɗa mana gaskiya. Wanda ya tare hanya don ya karɓi kuɗi, idan ya ga alamar mai kuɗi, ragi zai yi ko ƙari? Wanda da zai karɓi ɗari biyar, yana ganin suna a jikin lamba sai ya ce oga, yau sai ka yi mana na manya. In kuwa an ɗaga maka hannu yau saboda ana zaton kai wani ne, to ɗan'uwanka mai ɗauko albasa da ke bayanka shi zai biya nasa ya biya naka. Girman da ake saye da kuɗi a bakin shinge na mutum ɗaya ne, na rana ɗaya. Abin da zai raba mu da wulaƙancin hanya gaba ɗaya shi ne cikakkun takardu, da sanin doka, da ƙungiya mai lauya wadda za ta rubuta ƙorafi ta bi shi har ƙarshe.

Na uku suka ce, idan aka sace mota mai irin wannan lamba an fi saurin gane ta. Jama'a, ɓarawon da ya iya buɗe mota ya tayar da ita ba mabuɗi, kwance ƙusa huɗu ne zai gagare shi? Lamba ita ce abu na farko da ake cirewa a jefar. Ana gane motar sata ne da lambar inji da lambar jikinta waɗanda ke rubuce a takardun rijista. Wanda yake tsoron sata, ya sa wa motarsa na'urar bin sawu, ya adana kwafin takardunsa a gida.

Na huɗu suka ce, jari ne, ai a ƙasashen Larabawa ana sayar da lamba da kuɗi masu yawa. Haka ne. A Abu Dabi, a 2008, an sayar da lamba mai ɗauke da 1 kaɗai a kan dirhami miliyan 52.2. A Dubai, a watan Afrilu na 2023, an sayar da lamba P 7 a kan dirhami miliyan 55, a wani gwanjo da aka yi don tara kuɗin ciyar da mabuƙata. To amma can lambobi ne gajeru waɗanda kowane attajiri zai iya maƙala wa motarsa, akwai gwanjo, akwai masu saye suna jira. Kai da ka rubuta sunanka ko na mahaifinka, wa zai saya daga hannunka? Ranar da kasuwa ta juya maka baya, za ka iya sayar da fili, ko shanu, ko zinaren uwargida. Gwada ɗaukar lambar nan ka zagaya da ita Kasuwar Ladipo ka ji nawa za a taya.

Na biyar suka ce, alfahari ne, muna nuna cewa mu ma mun zo garin nan mun samu, ba mu fi ƙarfin a san da mu ba. Wannan hujja mun fi jin ta a zuciya, domin mu ma mun gaji da a riƙa kallon kowane Bahaushe a matsayin mai gadi ko mai wankin takalmi, alhali kuwa kakanninmu suna Agege suna fataucin goro tun zamanin da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Amma mu dubi al'ummomin da ake shakkar taɓa su a garin nan. Da me suka kai ga haka? Da lauyoyinsu, da likitocinsu, da 'yan jaridarsu, da filayen da suka mallaka da takarda, da ƙuri'unsu a ranar zaɓe. Babu al'ummar da aka taɓa saurara a majalisa saboda kyan lambar motocin attajiranta.

Lambar Bogi Ta Fi Muni

Akwai wani ɓangare na wannan magana wanda ya fi damunmu. Da yawa daga cikin lambobin da muke gani masu ɗauke da sarauta ko sunan ƙungiya ba daga hukuma suka fito ba sam. Mutum zai je wurin mai rubutun allo a bakin titi, a buga masa Sarkin kaza ko Shugaban kaza, ya cire lambarsa ta gaskiya ya jefa a but, ko ya rufe ta da leda mai duhu. Wasu kuma sun ba ɗan kamasho cikakken kuɗi, ya kawo masu lamba mai ƙyalli, ba su taɓa dubawa ba ko tana cikin rumbun bayanan FRSC, alhali ana iya dubawa ta intanet a wayar hannu.

'Yan'uwa, hawa titi da lambar da ba ta cikin rijista laifi ne, rufe lamba ma laifi ne, kuma ana iya kama motar a kansu. Wanda ya yi haka ya miƙa wa mai neman dalili dalili da hannunsa. Ranar da aka kama shi sai ya bugo wa ƙungiya waya yana cewa an tsangwame shi don shi ɗan Arewa ne. Mun sha zuwa caji ofis da zafinmu, sai a fito mana da lambar a ajiye a kan tebur, mu rasa bakin magana. Illar ba ta tsaya a kansa ba, domin gobe idan muka zo da ƙorafi na gaskiya a kan wanda aka zalunta da gaske, sai a ce ai su ne na jiya. Kowace ƙarya da aka kama mu da ita tana rage nauyin gaskiyarmu.

Muna roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa na unguwanni, Allah Ya ƙara masu lafiya, da su duba wannan lamari. Rawani yana da daraja, bai kamata a ce duk wanda aka naɗa jiya ya wayi gari ya buga sarautarsa a jikin mota ba tare da bin hanyar hukuma ba.

Maganar Tsaro

Hausawa suka ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A zamanin da masu garkuwa da mutane suke tare manyan hanyoyi, wane mai hankali ne zai rubuta sunansa a gaba da bayan motarsa? Lambar gama-gari mutum zai gani ya manta kafin ya sha kwana. Lamba mai suna kuwa ko yaro ya gani sau ɗaya ya haddace. Da ita za a san gidan da kake kwana, da makarantar da ake kai 'ya'yanka, da ranar da kake zuwa banki, da lokacin da ka kama hanyar gida hutun Sallah. Ba kai kaɗai kake shiga motar nan ba, akwai matarka da 'ya'yanka da direbanka, kuma babu wanda ya shawarce su kafin a maƙala masu wannan alama.

Sa'annan waɗanda suka ga abin da ya faru a Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021, sun san cewa idan gari ya rikice, Allah Ya kiyaye, ba a tambayar mutum laifinsa, alama ake dubawa. Ba muna cewa mu ɓoye asalinmu ba ne. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garinsu, sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili da gida a ko'ina. Da hularmu da harshenmu muke yawo, ba ma jin kunyar kowa. Amma tsayawa a kan 'yanci daban, tallan dukiya daban.

Inda Ya Kamata Suna Ya Fito

Suna linzami ne, kuma babu laifi mutum ya so a san sunansa. Tambayar ita ce, a jikin me? Mu koma ga naira 370,000 ɗin nan mu ga abin da za ta yi bisa farashin hukuma. Inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000 a shekara tun daga Janairun 2023, ke nan kuɗin zai biya ta shekara 24. Lasin tuƙi na shekara biyar ya koma naira 21,000 a 2025, ke nan zai yi wa samari 17 lasin, su samu aikin tuƙi su daina gudu idan sun hango jami'i. Lambar babur ta koma naira 12,000, ke nan zai sayi lambar babura 30. Ku tuna yadda yaranmu masu acaɓa suka shiga uku lokacin da gwamnatin Legas ta hana su aiki a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, aka kwashe babura da yawa aka murƙushe. Da a ce akwai asusun da zai ba su ɗan jarin sauya sana'a, da yawansu ba su koma gida hannu rabbana ba.

Takardun da suke kare mutum a inda yake zaune sanannu ne. Akwai takardar mallakar fili da sunanka. Akwai rasit na haraji da na kuɗin shago, a adana su shekara bayan shekara. Akwai katin shaidar zama a Jihar Legas na hukumar LASRRA, da katin zaɓe wanda aka mayar da shi mazaɓar da kake kwana, da takardar haihuwar kowane yaro. Har ita lambar mota ta gama-gari tana cikin wannan sahu. Wanda ya yi rijistar motarsa a Kano ko Sakkwato yana da 'yancinsa, lambarsa halattacciya ce a duk faɗin tarayya, kuma babu mai ikon tare shi saboda ita. Amma wanda ya yi rijista a nan inda yake zaune, ya ɗauki GGE ko MUS, ya ƙara wa kansa shaida guda cewa yana zuba kuɗinsa a baitulmalin jihar nan. Ranar da wani ya miƙe a taro ya ce baƙi ba sa biyan komai, irin waɗannan takardu za mu zube masa a gaba. Lambar naira 30,000 ta yi wannan aiki sarai.

Kiranmu

Ga wanda ya riga ya saya ta hanyar hukuma, ba mu ce ya cire ya yar ba, aikin gama ya gama. Muna dai roƙonsa ya tabbatar tana cikin rijista, kuma idan kwamiti ya ƙwanƙwasa ƙofarsa ya tuna cewa wanda ya iya sayen suna da dubu ɗari huɗu ba zai kasa dubu ashirin na belin ɗan'uwansa ba. Ga mai lambar bogi ko rufaffiya, ya cire ta yau, ya mayar da ta gaskiya. Muna ba da shawara ga taron ƙungiya mai zuwa da ya yanke cewa asusun taimakon shari'a ba zai kashe ko kwabo a kan wanda aka kama da lambar bogi ba, domin kuɗin nan na zawarawa da 'yan dako ne da suka tara da ɗari-ɗari.

Ga wanda yake shirin saye, Alhaji, don Allah ka dakata ka sake lissafi. Ku kuma iyayenmu mata, mun san da yawa daga cikin irin waɗannan shawarwari a ɗaki ake yanke su. Idan maigida ya zo da maganar, ku tambaye shi takardar gidan da kuke ciki, da kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa. Samarinmu kuma, ku daina tafa wa abin da ba zai amfane ku ba, domin tafinku ne yake sa ana saye.

Akwai dattawan da suka rasu a unguwar nan waɗanda ba su taɓa mallakar mota ba, amma har gobe ana kiran sunansu, saboda rijiyar da suka haƙa, da makarantar allon da suka riƙe, da baƙin da suka saukar ba su karɓi ko sisi ba. Mota kuwa shekara nawa take yi kafin a kai ta wurin 'yan gwangwan? Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, ƙofa a buɗe take, ya rubuto mana za mu buga a fitowa ta gaba ba tare da mun rage masa ko kalma ɗaya ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a cikin abin da muke nema. Wassalam.